Wace Allura Zan Ɗaura wa Kekena? Tambayoyin Masu Ɗinki da Amsoshinsu

A shagon tela babu abin da ya kai allura arha, babu kuma abin da ya kai ta taɓa kayan mutane. Almakashi sau ɗaya yake ratsa yadi ya wuce, ita kuwa kafin a gama riga guda ta shiga ta fita sau dubbai. Amma da yawanmu lamba 14 ko 16 kawai muka sani. Mu ɗaura ta, ba za mu sake waiwayarta ba sai ranar da ta karye. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda yaran shago, da mata masu ɗinki a gida, da waɗanda suka sayi sabon keke suka fi yi mini, na kuma amsa su yadda nake amsa wa wanda ya zauna kusa da ni a benci.

Oga, ba duk allura ɗaya ba ce? Ni dai ban ga bambanci ba.

Ido ba ya gani daga nesa, amma ka ɗauko guda ka kai ta bakin ƙofa wurin haske. Sama akwai gindi mai kauri, wanda ke shiga cikin keke a ɗaure shi da sukuru. Daga nan jiki ya sirance. A gefe ɗaya na jikin za ka ji wani dogon tsagi idan ka bi da farce, a cikinsa zare ke kwanciya lokacin da allura ke nutsewa cikin yadi, don kada yadin ya goge shi. Ƙasa akwai hanci, inda ake zura zare. A ɗaya gefen, daidai saman hancin, akwai ɗan loko kamar an ɗan ƙwaƙule ƙarfen, ta nan ƙugiyar da ke can ƙasa cikin keke ke wucewa ta ɗauki zaren sama. Sai tsini.

Hancin da ke kusa da tsini shi ne asirin keken ɗinki gaba ɗaya. Allurar hannu hancinta a baya yake, dole sai ta ratsa yadi duka. Ta keke kuwa kai kawai take leƙawa ta miƙa zare ta dawo. A kan wannan dabara Elias Howe ya yi wa kekensa rajista a Amurka a 1846, Isaac Singer ya biyo baya da nasa a 1851, har yau kuma ba a canja ta ba.

To, abu uku ne ke raba wata allura da wata. Gindi da tsawo, wannan keke ne ke zaɓa. Kauri, wannan yadi da zare ne ke zaɓa. Sai siffar tsini, wadda irin saƙar yadin ke zaɓa. Duk sauran tambayoyin nan a kan waɗannan ukun suke yawo.

Ta yaya zan san irin wadda kekena yake ɗauka?

Idan keken gida ne, ko Butterfly na ƙafa ko na hannu, ko Singer, ko Brother da Janome na lantarki, kusan dukansu allura ɗaya suke ci, mai gindi da aka shafe gefe guda. A jikin fakiti za ka ga an rubuta 130/705 H, ko HAx1, ko 15x1. Sunaye uku ne na abu ɗaya, kowane kamfani da wanda ya saba rubutawa.

Keken indastiriyal kuwa, irin su Juki da Jack masu miƙaƙƙen ɗinki, gindin allurarsu mulmulalle ne, babu shafaffen gefe. Mafi yawansu DBx1 suke ɗauka, wadda wasu ke rubutawa 16x231 ko 1738. Wasu kuma DPx5, wadda ake kira 134 ko 135x5. Tsawonsu kusan ɗaya ne, shi ya sa ake rikita su, amma gindin DBx1 da muka saba milimita 1.62 ne, na DPx5 milimita 2. Idan ka sa siririyar a mazaunin mai kauri, sukuru zai tura ta gefe, ta karkace, ɗinki ya lalace kana ta neman dalili. Keken wibin na indastiriyal, mai dafe bakin yadi, nasa DCx27 ce, gajeriya. Manyan kekunan da ke ɗinka fata da tamfol da kujerun mota yawanci DPx17 suke so, wadda ta fi tsawo.

Idan littafin keken ya ɓace, kamar yadda yakan faru da wanda aka saya na hannu, ka cire allurar da ke jiki wadda take ɗinki lafiya ka tafi da ita wurin mai sayarwa. A jera su a kan tebur, gindi da gindi, hanci da hanci. In sun yi daidai ka saya, ka kuma rubuta lambar a jikin teburin keken.

Mene ne ma'anar lambobi biyun nan, kamar 90/14?

Duka biyun kauri suke faɗa. Ta farko lissafin Turai ce, wanda aka daidaita a Jamus a 1942, kuma tana da sauƙin ganewa: kaurin jikin allura ne idan aka raba milimita ɗaya gida ɗari. Wato 90 na nufin milimita 0.9, 100 kuma milimita ɗaya cif. Ta biyun lissafin Singer ce, na Amurka, ita ce kuma ta zauna a bakin telolinmu. In ka ji an ce "ba ni sha huɗu", 90/14 ake nufi.

Ga yadda suke tafiya: 60/8, 65/9, 70/10, 75/11, 80/12, 90/14, 100/16, 110/18. Lamba na hawa, allura na ƙara kauri. A lura, allurar hannu akasin haka take, tata lambar in ta hau sirancewa take yi. Masu aikin hula da suka koma keke sukan yi tuntuɓe a nan.

To wace lamba ce ta dace da wane yadi?

Zan faɗi abin da nake amfani da shi, amma ƙyallen gwaji shi ne alƙali na ƙarshe. Kada a taɓa fara ɗinka kayan mutum ba a gwada a guntun da ya rage daga yanka ba, a ninka shi biyu kamar yadda za a ɗinka.

Shifon, siliki, da siririn boyel da mayafi: 9 ko 10, wani lokaci 11. Atamfa da yadin riga marar nauyi: 11 ko 12, in atamfar mai ƙarfi ce ko wurin ya yi ninki da yawa a hau 14. Yadin kaftani na maza mai matsakaicin nauyi da yadin kwat: 14. Kaki, jins, labule: 16. Jins mai kauri sosai, zanen kujera, jakar makaranta: 18. Keken gida a nan ƙarfinsa yake ƙarewa, abin da ya wuce haka aikin babban keke ne.

Ƙa'idar da nake koya wa yara ita ce a ɗauki mafi sirantar allurar da za ta iya ratsa yadin ba tare da ta lanƙwashe ba, zaren kuma ya wuce ta hancinta a sake. Mutanenmu sun fi karkata ga mai kauri saboda ba ta saurin karyewa. Gaskiya ne ba ta karyewa, sai dai yadin ne ke biyan kuɗin.

Na ɗinka shadda mai tsada, layin ɗinkin ya fito da ramuka kuma ya ɗan tattare. Me na yi ba daidai ba?

Wannan tambaya tana taɓa ni, domin shadda ba ta yafiya. Shadda mai kyau, irin gezna da kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya ke saƙawa, da siririn zaren auduga ake yinta, a matse saƙar ƙam, sannan a goge fuskarta har ta yi santsi da sheƙi. Wadda aka rina aka kai wa 'yan bugu ma haka take, dukan ya daɗa haɗe zaren ya rufe duk wata kafa. Idan ka kawo allura mai lamba 16 ka soka a irin wannan saƙa, zaren yadin ba shi da wurin matsawa. Ko dai ya tsinke, ko ya ture na kusa da shi, shi ne tattarewar da kake gani, wadda ko dutsen guga ba ya kwantar da ita gaba ɗaya. Ramin kuwa ya zauna ke nan. A atamfa in ka farke ɗinki ka ɗan yayyafa ruwa ka goge, sawun yakan ɓace. A shadda yakan tsaya yana kallonka.

Abin da ya kamace ta shi ne sabuwar allura mai tsini sosai, lamba 11 ko 12, a hau 14 kawai a inda ninki ya taru, kamar wuya da aljihu da bakin hannu. A keken gida ka nemi fakitin da aka rubuta Microtex ko Sharp. A na indastiriyal ka nemi wadda aka ƙara wa haruffan SPI, in ba ta samu ba sabuwar DBx1 ta yau da kullum mai lamba 11 za ta yi. Ka haɗa da siririn zare mai kyau, ka ɗan sassauta zaren sama da na ƙoshiya, ka kuma ɗan tsawaita taku don kada ramukan su yi kusa da juna.

Na taɓa lalata wuyan kaftanin wani bawan Allah ana saura kwana uku Sallah, da allurar da na gama ɗinka wandon makaranta da ita ban canja ba. Bai yi mini faɗa ba, ya karɓa ya yi godiya ya tafi, amma na ga fuskarsa lokacin da ya ɗaga rigar a haske. Tun daga ranar ban sake ɗora shadda a keke ba sai na fasa sabuwar allura.

Baba, ina ɗinka hijabi da yadi mai talewa, keken sai tsallake yake yi. An ce mini keken ne ya lalace.

Kafin ki ba mai gyara ko sisi, ki canja allura. Bari in gaya miki abin da ke faruwa a ƙasan farantin ƙarfen nan da allura ke shiga raminsa, inda ido ba ya kaiwa.

Allura takan sauka har ƙarshe, sannan ta fara ɗagowa kaɗan. A wannan ɗan ɗagowar, zaren da ke gefen loko yakan saki ya yi ɗan zobe, ƙugiya ta zo ta sarƙafe shi ta zagaya da shi ƙoshiya. Tsakanin bakin ƙugiya da jikin allura bai wuce kaurin silin gashi ba. Yadin da ba ya talewa yakan tsaya cak ya riƙe zaren, zoben ya buɗe da kyau. Mai talewa kuwa yakan manne wa allura ya biyo ta sama, zoben bai buɗe ba, ƙugiya ta wuce hannu wofi. Shi ne tsallaken.

Akwai kuma matsala ta biyu. Irin wannan yadi ba saƙar tsaye da kwance ba ce kamar atamfa, zobba ne aka sarƙa cikin juna kamar safa. Allura mai kaifin tsini takan yanke zobe ɗaya, a ranar ba za ki gani ba, sai an yi wanki biyu ko uku ƙananan huji su bayyana a bin layin ɗinki.

Maganin duka biyun allura ce mai ɗan dunƙulallen baki, wadda ke ture zaren gefe ta wuce ta tsakani. A keken gida, fakitin da aka rubuta Jersey ko Ball Point na yadin da ke talewa kaɗan ne, irin na singileti. Wanda aka rubuta Stretch na mai roba sosai ne, lokonta ya fi zurfi don ƙugiya ta matso kusa. A na indastiriyal ki nemi DBx1 mai haruffan SES, ko SUK idan saƙar manya ce. Lamba 11 ta fi dacewa da yawancin yadin hijabi. Kada kuma ki ja yadin yayin ɗinki, ki bar haƙoran keke su tafi da shi.

Zare yana ta tsinkewa, ko ya yi gashi-gashi a bakin allura. Laifin zare ne?

Wani lokaci nasa ne, musamman wanda ya daɗe a rana ko ya sha ƙura. Amma sau da yawa hancin ne ya yi masa kaɗan. Kowane ɗan yanki na zaren sama yakan yi kai-komo ta cikin hanci sau da dama kafin ya zauna a yadi, in wurin ya matse sai ya goge har ya tsinke.

Gwajin ba wuya. Ka yanko zare kamar kamu ɗaya, ka zura allurar a sake ba a keke ba, ka riƙe bakin biyu ka karkata. Idan ta sulale da kanta, sun dace. In ta tsaya sai ka girgiza, allurar ta yi ƙanƙanta. Zare mai kauri na ado, irin wanda ake bi da shi a saman jins, yana da tasa allurar mai dogon hanci, ana rubuta mata Topstitch.

A keke mai gudu akwai kuma zafi. Juki DDL-8700 yana iya kai taku 5,500 a minti ɗaya, a irin wannan gudu allura takan yi zafin da zai narkar da zaren roba ya toshe hanci. In ka ga baƙin abu ya daskare a jikinta, ka rage gudu, ka kuma nemi allura mai rufin titaniyam, masu ruwan gwal ɗin nan.

Ina ake juya shafaffen gefen? Kullum sai na rikice.

Ka riƙe abu ɗaya, ba za ka sake rikicewa a kowane keke ba: zare ta gefen dogon tsagi yake shiga, loko kuma ƙugiya yake kallo.

A baƙin Butterfly da 'yan'uwansa, masu ƙoshiya a gefen hagu, shafaffen gefe yana kallon dama, a zura zare daga hagu zuwa dama. Wasu tsofaffin Singer akasin haka suke, don haka a duba. A kekunan gida na zamani shafaffen gefe yana kallon baya, zare daga gaba zuwa baya. A na indastiriyal mai miƙaƙƙen ɗinki, da yake gindin mulmulalle ne, kai ne za ka juya ta da hannunka har tsagi ya kalli hagu sosai, loko ya kalli dama. In ta ɗan karkace ko kaɗan, tsallake zai biyo baya.

Ka tura ta sama har ta tokare kafin ka ɗaure. Allurar da ta rage ko milimita ɗaya ba ta kai ƙarshe ba, tana iya dukan ƙugiya.

Yaushe ya kamata a canja allura, tunda ba ta karye ba?

Masu ƙera ta suna ba da shawarar a canja bayan kimanin awa takwas na ɗinki. A shagon da ake aiki daga safe zuwa dare, musamman a watan azumi, wannan na nufin kusan kullum. Na san ba kowa zai iya haka ba, to aƙalla a saurari keke. Allura mai kaifi shiru take shiga yadi. Wadda ta dakushe za ka ji tana ƙwas-ƙwas, kamar ana huda takarda. Sauran alamun su ne zaren yadi ya riƙa jawowa a gefen ɗinki, ko ƙasan ɗinkin ya yi kaca-kaca, ko tsallake ya fara a yadin da jiya aka ɗinka lafiya.

Kana iya gwadawa ta hanya biyu. Ka shafa tsinin a bayan farcenka ta kowane gefe, in ya yi karce, bakin ya lanƙwashe. Sannan ka kwantar da ita a kan madubi ta shafaffen gefen, ka duba ko tazarar da ke tsakaninta da madubin daidai take daga sama har ƙasa. Ta indastiriyal kuwa mirgina ta za ka yi, in tsinin yana rawa ta tanƙware. Duk allurar da ta daki fil ko zif ko maɓalli, ko da ba ta nuna komai ba, a cire ta.

Ana iya wasa ta a dutse a ci gaba da aiki?

Na ga ana yi, ba na kuma zargin wanda ya yi don tsakar dare ne babu inda zai saya. Amma allura tana da rufin ƙarfe mai santsi a jikinta, wasawa tana cire shi, ta bar baki mai kaushi da ke cin yadi, ta kuma rage tsawon tsinin. In dole ta sa, a ƙarasa buhu ko tsumma da ita, kada a kai ta jikin kayan mutane.

Allurata tana yawan karyewa. Ko ba ta da kyau ne?

Duba hannunka tukuna. Mafi yawan karyewa daga jan yadi ta baya take zuwa: ka ja, allura ta lanƙwashe, ta sauka a kan faranti maimakon cikin rami. Bayan wannan sai allurar da ta yi wa aikin sirantaka, da sukurun da bai ɗauru ba, da ƙafar keke mai danne yadi da ta karkace, da hawa kan tudun ninki da gudu. Idan ka iso inda ɗinki huɗu suka haɗu, kamar tsakiyar wando, ka tsaya ka juya keken da hannu, ka kuma sa ɗan ninkakken ƙyalle a bayan ƙafar don ta daidaita.

Jins da fata fa?

Jins yana da tasa, an rubuta Jeans ko Denim, jikinta ya fi ƙarfi don kada ta kauce. Lamba 16 ta isa yawancin aiki, 18 don bakin ƙafar wando. In wurin ya yi tauri, ka ɗan daddaka shi da guduma a kan katako kafin ka ɗinka.

Allurar fata daban take da duk sauran, domin bakinta wuƙa ce, yanka take yi. Dukawa da masu takalma da jaka sun san ta. Ramin da ta yi ba ya rufewa, saboda haka a tsawaita taku, in ba haka ba fatar za ta yage a bin layin kamar takardar rasit. Kada a kuskura a ɗinka yadi da ita, za ta yanyanka zaren saƙar. Fatar roba mai yadi a bayanta ma ta fi son allura mai tsini ta yau da kullum.

Leshi mai duwatsu yana cinye mini allura. Akwai wadda ba ta karyewa a kansa?

Babu, 'yar'uwa. Allurar da za ta fasa dutse ba a yi ta ba. Abin yi shi ne ki share hanya kafin ki hau keke: ki zana layin ɗinki, ki cire ko ki farfasa duwatsu da ƙyalƙyalin da ke kansa da filaya, ki ajiye wasu don ki mayar da hannu a inda ya yi fili bayan an gama. Leshin kansa, in mai raga ne siriri, lamba 10 ko 11 mai dunƙulallen baki, in mai igiya ne mai nauyi, 14. Idan ragar tana nutsewa cikin ramin faranti, ki shimfiɗa siririyar takarda a ƙasa ki ɗinka tare, daga baya ki yage ta. Ki kuma kare idonki, ɓaraguzan dutse da na allura suna tashi sama.

Keken da ke yi wa riga aikin ado, da kuma allura mai baki biyu, su ma haka ne?

Zaren aiki mai sheƙi ba shi da ƙarfin zaren ɗinki, ga shi ana soka wuri ɗaya sau da yawa, shi ya sa allurarsa take da faffaɗan hanci. Manyan kekunan kwamfuta masu kawuna da yawa DBxK5 suke amfani da ita, yawanci lamba 11. A keken gida a nemi mai rubutun Embroidery, zaren gwal da na azurfa kuma mai rubutun Metallic.

Mai baki biyu tana fitar da layi biyu a jere. In kin ga 4.0/90, lambar farko tazarar da ke tsakanin bakunan ce a milimita, ta biyun kauri. Sai dai keken da ke zigzag, mai faɗin rami, wanda ake zura wa zare daga gaba, shi ne ke ɗaukarta. Baƙin Butterfly ba zai karɓe ta ba, a take za ta karye.

Wane kamfani ya fi? Kuma launin da ke jikin wasu allurai na mene ne?

Waɗanda aka daɗe da sani su ne Organ na Japan, da Schmetz da Groz-Beckert na Jamus, su biyun nan na Jamus tun tsakiyar ƙarni na 19 suke sana'ar allura. Akwai na Sin masu sauƙin kuɗi da yawa, wasu suna aiki, wasu a fakiti ɗaya za ka tarar da biyu ko uku a karkace ko hancinsu da kaushi. Ana kuma samun jabu a cikin fakiti mai sunan manyan kamfanoni, don haka a sayi a hannun wanda aka sani, a duba lambar da aka zana a gindin allurar ko ta fito sarai. Arha ba ta ado, balle a kan yadin da kuɗinsa ya ninka na fakitin sau ɗari.

Launi kuwa don a gane iri ne bayan an jefar da fakiti. A wurin Singer, ja na yadin da ba ya talewa ne, rawaya na mai talewa, shuɗi na jins, ruwan ƙasa na fata. Schmetz nata tsarin daban ne, zobe biyu take sawa, na sama iri, na ƙasa lamba. Kada a ɗauki launin wani kamfani a auna na wani da shi.

Na sa sabuwar allura, daidai lamba, daidai juyi, har yanzu tsallake yake yi.

To yanzu allura ta tono garma. Ka sake zura zaren tun daga sama, ƙafar keke a ɗage. Ka cire faranti ka share ƙurar da ta taru tsakanin haƙora da kewayen ƙoshiya, a lokacin hunturu takan daskare kamar auduga. Ka ɗiga mai. Ka shafa yatsa a bakin ramin faranti da bakin ƙugiya, domin allurar da ta karye a baya takan bar musu tabo mai yanke zare. Ka gwada wata allurar daga wani fakiti, sabuwa ma takan zo da aibi. In duk an yi wannan bai daina ba, saitin haɗuwar ƙugiya da allura ne ya goce, wannan kuwa aikin mai gyara ne. Haka ma wanda zai tashi daga lamba 9 ya koma 21 a keken indastiriyal, sai an canja masa faranti da haƙora an sake saiti.

Me ake yi da karyayyiya ko tsohuwa?

Kada a yar a ƙasa. Shagunanmu da ɗakunanmu cike suke da yara marasa takalmi, a kan tabarmar nan kuma ake sallah. A samu tsohuwar kwalbar magani mai murfi a riƙa tarawa. In allura ta karye, a haɗa guntayen a tabbatar sun cika, a laluba cikin rigar da cikin keken, mayen ƙarfe yana taimakawa. Kafin a sa hannu wurin canjawa a kashe wuta, a kuma tuna cewa tsohuwar motar lantarki ta keken indastiriyal, mai kuloci, tana ci gaba da juyawa bayan an kashe, sai an taka ta ta tsaya. Wanda allura ta huda wa yatsa, musamman in ta karye a ciki ko ta ratsa farce, ya tafi asibiti a duba, a kuma yi maganar rigakafin sarƙewar haƙora.

Sababbin kuma a bar su cikin fakitinsu a wuri busasshe, damina tana sa musu tsatsa, tsatsa kuwa tana bin farin yadi.

Yanzu na fara, kuɗina kaɗan ne. Waɗanne zan fara saya?

Fakiti huɗu sun ishe ki shekarar farko. Lamba 11 da lamba 14 na yau da kullum, waɗanda a keken gida ake rubuta wa Universal, su za su ɗauke miki atamfa da boyel da yadin yara. Lamba 11 mai dunƙulallen baki don hijabi da duk abin da ke talewa. Lamba 16 don kayan makaranta da gyaran jins. Ranar da aka fara kawo miki shadda, ki ƙara da mai tsini lamba 12. Ki samu ɗan ƙyalle ki ja masa layuka da biro, ki rubuta lambobin, duk allurar da kika cire ba ta gama aiki ba ki soke ta a gidanta, don gobe ki san wace ce.